Bikon Radiya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau aka yi sunan jaririn Ummu maƙwabciyata, duk dangi sun zo ban da Radiya, matar ƙanena Nafi'u. Karo na uku ke nan. Na kira wayarta, shi ya ɗauka, wai wayar tana wurinsa yanzu don ta cika surutu. Surutu da wa? Yarinyar da gaisuwa ma sai an ja ta. Girman kai ne kawai, ni kuwa ba abin da na tsana kamarsa. Ni na je Belbeji na ɗauko ta amarya, ga sakayyar.

Asabar, 18 ga Mayu

Na je gidan da kaina. Cikin wannan zafi na Tanut ta naɗe wuya da mayafi kamar mai jego. Gashi ya leƙo ta ƙasan kallabi duk ya cukurkuɗe, na rantse ya yi wata uku bai ga kibiya ba. A ce yayar mijinki mai kitso ce, ki zauna da kai haka. Ƙazanta.

Tana dama mini fura wani babur ya wuce, ta zabura har ludayi ya faɗi. Ba ma na Nafi'u ba ne. Da ya dawo kuma, duk abin da na tambaye ta sai ta dubi fuskarsa kafin ta amsa. Na ce a raina, munafunci dodo ne.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na gaya wa Inna, mahaifiyarmu. Ta ce in bar su, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Na aika na ce dole Radiya ta zo kitson Sallah, Nafi'u ba ya iya hana ni. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, na cire kallabi, na sa kibiya. Shekara ashirin ina taɓa kawunan mata. Na san makero, na san amosani, na kuma san gashin da aka tuge da hannu. Wuri biyu fili fetal. Ƙulu uku, ɗaya sabo har da ɗumi, ga tsohon tabo a bayan kunne. Da mayafin ya zame na ga shatin yatsu a wuyanta.

Ta ce, "Ƙofa ce ta buge ni, Yaya."

Na ce ƙofar garinku yatsu gare ta?

Daga baya ta ce wai Nafi'u cewa yake in ya buga a ka ba mai gani. Har lissafin inda zai buga yake yi. Yaron da na goya, na tauna masa abinci da bakina. Na je bayan ɗaki na tofar da miyau.

Na yi mata kitso sakwa-sakwa, na rufe wuraren da gashin gefe, aiki mai kyau, ba wanda zai gane. Da za ta tafi sai na ji bakina yana cewa, ki yi haƙuri. Ni da kaina. Tir.

Talata, 18 ga Yuni

Ya aiko mini cinyar ragonsa na layya. Unguwa sai yabonsa ake, Nafi'u mai kyauta, Nafi'u mai fara'a. Na ba Ummu naman, ba zai wuce maƙogwarona ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Radiya ta yi yaji. Ta bi motar kasuwa zuwa gidan iyayenta.

Talata, 25 ga Yuni

An taru a ɗakin Inna kan maganar biko. Kowa ya ce ni zan je, tunda a hannuna ubanta Malam Mato ya damƙa ta ranar aure, ba zai iya kallon idona ya hana ba. Haka ake yi, ana tura fuskar da ake jin kunya. An haɗa goro da sukari da turmin atamfa. Na buɗe baki zan faɗi abin da na gani a kan Radiya, Inna ta harare ni, na haɗiye.

Nafi'u ya raka ni ƙofa yana murmushi. "Yaya, ki gaya mata ko ramin ɓera ta shiga zan tono ta. In ba tawa ba ce, ba ta kowa ba ce." Da wannan murmushin yake gaida liman.

Alhamis, 27 ga Yuni, Belbeji

Kamar yadda aka yi zato. Ko goron ban gama kwancewa ba Malam Mato ya ce, "Tunda ke kika taso, Salamatu, magana ta ƙare." Ashe ba ta gaya musu komai ba, kunya ta hana, sun ɗauka faɗan cefane ne. Ta fito da ƙullin kayanta a ka, ta durƙusa ta gaishe ni, murya a dishe kamar mai mura. Na tambayi abin da ya sami muryar. Ta ce daren da ta gudu ya shaƙe ta har ta daina gani. A hankali ta faɗa, ni kaɗai na ji.

Mota tana jira a tasha. Abin da ya rage in miƙe kawai, ta biyo ni.

Na ce ta ajiye ƙullin. Na kira uwarta Dado, na ce Malam ma ya matso. Ya ce haba, uba ba ya kallon kan 'yarsa matar aure. Na ce yau dai zai kalla. Na tsefe kitson da na yi da hannuna, layi-layi, na nuna musu abin da na rufe. Dado ta zauna daɓas a ƙasa. Tsohon ya tura mini goron da ƙafa. Na cancanci haka.

Mun kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba wuyan, ya rubuta takarda, ya ce wanda ya fara shaƙa ba a ba shi dama ta biyu, gawa ake ɗauka. Ya ce kada ta kwana inda mijin ya sani. Da la'asar ƙanen Malam ya tafi da ita rugarsu, can wajen Tenhya. Na ce in za a je gaban alƙali a kira ni, ni na gani. Ban san lokacin da na faɗa ba.

Litinin, 1 ga Yuli

Inna ba ta amsa gaisuwata tun ranar Juma'a. Wai na je biko na kashe aure, na tona asirin jinina a garin mutane.

Nafi'u ya zo da hantsi. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi inda suka kai ta. Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallona, ni ma ban sauke ido ba. Ƙanena ne, ba abin da ya canza, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da ya fita na sa wa ƙofar gida sakata, da rana tsaka. Saboda awakin unguwa ne, sun dame ni da ɓarna.