Dodanni Bakwai na Shagon Baba

Mansur, Makka
9 ga Safar

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

"Hoto kawai zan ɗauke su, Yaya. Kafin alhazan bana su watse suna hannunki." Kalamanka ne, a bakin ƙofata, da jakar dodannina a kafaɗarka. Alhazai sun watse, har masu Umara sun fara shigowa.

Ban manta da gaisuwa ba. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Nora da yara. Yaya zafin Jidda? Mu nan alhamdu lillahi, in ka cire abin da na gani shekaranjiya.

An turo mini bidiyonka. Ga dodannin robar nan bakwai jere a dulab, kabad ɗin nan na gilashi, an haska musu fitila kamar gwal a kanti, kai kuma kana zuba Larabci, wai 'yan Japan ne, sun haura shekara arba'in, masu tara irinsu na nema ido rufe. Sau uku na kalla. Ka gode wa Baba, Allah ya jiƙansa. Ka gode wa abokinka Talal da ya binciko maka sunayensu. Ka gode wa matarka, wai ita ta adana maka ƙuruciyarka. Nora! Wadda ba ta taɓa ganinsu ba sai da Babbar Sallar nan.

To bari in tuna maka. Baba ya saro su ne cikin kayan tsaraba a shagonsa na unguwar Misfala, kuskuren da bai ƙara yi ba. Wane alhaji ne zai sauka Kano ko Damagaram ya ce ga dodo ya kawo wa yara daga ƙasa mai tsarki? Tasbaha ta ƙare, turare ya ƙare, 'yar kyamarar nan mai hoton Ka'aba ta ƙare, dodanni suka yi kwantai. Aka ba ka, don kai ne namiji. Ni aka miƙo mini tukunyar wasa. Ina wanke-wanke ina jin ka kana yi musu gurnani a tsakar gida, kamar in haɗiye zuciya. Sai ka tafi makaranta nake ɗauko koren nan mai ƙaho uku in goge shi da gefen mayafina.

Ranar da aka gaya wa Inna mala'iku ba sa shiga gida mai mutum-mutumi, ta ɗauko wuƙa za ta fille musu kai, ina kake? Ƙarƙashin gado, kana majina. Ni na tura su cikin buhun shinkafa, na ƙi faɗin inda suke, muciya ta ƙare a bayana. Da za a rushe gidan Misfala, su na fara ɗauka kafin iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar nan. Na yi aure da su, na yi takaba da su.

Na karanta babin hassada a littafi ba ɗaya ba, har na karantar da shi ga matan unguwa. Na san illarta sarai. To ita nake yi, ba zan ɓoye maka ba. Ina jin haushin hannun Nora da ke goge gilashin nan, ina jin haushin Talal, har fitilar ban ƙyale ba. Da bare ne ya manta da ni, da na yi tsaki na wuce. Amma kai kaɗai ka rage mini wanda ya san gidan nan.

Jiya kuma, ko kunya babu, ka aiko kana roƙon kwalayensu na asali, wai sai da kwali darajarsu ke cika a wurin masu tarawa. Suna nan, bakwai cif, ko lanƙwasa babu. Na ba ka zuwa Juma'a mai zuwa. Ka kawo mini dodannina da hannunka, ban ce direba ba, ka kuma sake bidiyo ka ambaci sunana da bakinka. In aka sallame La'asar ban gan ka ba, zan kwashi kwalayen in kai wa Usaini mai tsiren bakin layinmu. Ya daɗe yana kukan ba shi da abin fifita wuta.

Ka gaida Nora, tsakani da Allah. Ka shafa mini kan yara.

Yayarka mai ƙaunarka duk da haka,
Maijidda