Sai Uwar Ta Yarda

Litinin, 2 ga Maris 1981

Likita ya ce yanar idon 'yata Kadidja sai aiki, kuma a Kano suka fi iyawa. In aka bari har damina, na hagun ya tafi. Na ce Kano ce kawai? Ni Issifou da na fara da dako a tashar jirgin ruwa, yau motocina ke shiga Kotonu. Jumma'a mu tashi, ni da ita. Alhamdu lillahi da akwai halin.

Laraba, 4 ga Maris

Wai uba ba ya ƙetare iyaka da 'yarsa sai uwar ta je ofishin 'yan sanda ta yarda da bakinta, a buga hatimi. 'Yata! Na yi musu Faransanci har da na littafi. Jami'in ya ce, "Mushe," wato malam, "kawo madam."

Alhamis, 5 ga Maris

Abin kunya. Na kai matata Asiyatu. Jami'in ya nuna yarinyar, aka fassara: 'yarki ce? Yaya sunanta? Ta ja mayafi ta rufe baki. Kadidja 'yar fari ce, tun da aka haife ta uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Da aka matsa ta ce, "'Yarsa ce." Mutumin ya ajiye biro yana kallona kamar na sato yarinya a kasuwa. Na ce al'ada ce. Ya ce al'ada ba ta buga hatimi.

A mota na yi faɗa. Da yawa.

Jumma'a, 6 ga Maris

Ba tafiya.

Asabar, 7 ga Maris

Yaya Mero ta zo daga unguwar Adakpamé, ko zama ba ta yi ba. "Kai mai motoci, a gida ka tambaye ta?" Na ce tambayar me, magani zan kai yarinya. "Za a sa wa 'yarta wuƙa a ido a garin da ba ta sani ba, kai ka sanar da ita kamar tashin farashin taya. Kunya ce kaɗai ka gani a bakin nan?"

Yaya ce. Wani ne da na kore shi.

Lahadi, 8 ga Maris

Na sami Asiyatu tana tsince shinkafa. Na zauna a turmi. Ban san ta inda ake farawa ba. Ita ta fara: "Malam, in idon ya mutu gaba ɗaya fa?" Na faɗa mata duk abin da likita ya ce, har wanda na ɓoye. Ta daɗe tana tsince tsakuwar da babu.

Litinin, 9 ga Maris

Mun koma. Jami'in bai gama tambaya ba ta ce, "Kadidja. Ni na haife ta. Na yarda." Har na bakin ƙofa sun ji. Yarinyar ta juyo da idonta mai kyau tana kallon uwar, baki buɗe. Mutumin ya buga hatimi, ya ce da yaren Mina Allah ya ba da lafiya. Na gode masa. Ban yi niyya ba, godiyar ce ta fita da kanta.

Jumma'a, 27 ga Maris, Kano

An cire bandeji. Kadidja ta karanta lambar motar da ke ƙetaren titi. Na shiga masallaci na daɗe.

Laraba, 8 ga Afrilu

Gida. Na kai wa Yaya Mero turmin atamfa, ta ce wa na kashe.

Likita na so a dawo da yarinyar bayan Sallah a duba. Takardar tana aiki har ƙarshen shekara, ba sai an sake zuwa ofis ba. Duk da haka na tambayi Asiyatu ko ta yarda. Haka kawai.

Ta ce wannan karon da ita za a je. Motar dai akwai wuri.