Gashin Balbela

Talata, 17 ga Maris, 1903

Jarida ta iso. Shugaban ƙasa ya sa hannu, tsibirin bakin kogi ya zama na tsuntsaye, ba mai harbi a can. Mutumin da bangon gidansa ke cike da kawunan namun daji, shi ne yau yake jin tausayin tsuntsu! Bikin Ista saura 'yan makonni, matan garin nan kowace tana son hular coci da gashin balbela a kai. In babu gashi, babu shagona na ɗinkin hula. Akwai wanda zai ci ribar dokar nan, sai na gano shi.

Juma'a, 20 ga Maris

An naɗa mai gadi: Asa Tillery. Asa! Wanda ya koya wa ƙanena Lemuel riƙon bindiga. Ya wuce ta ƙofar shago da sabuwar hula, na ce, "Ranka ya daɗe, sarkin tsuntsaye." Ya ce, "Orpha, bakinki ya fi allurarki tsini." Bai musa komai ba, na lura.

Asabar, 28 ga Maris

Matar Alƙali Pruett ta zo, da lambar ƙungiyar kare tsuntsaye a ƙirji. Ta jira shago ya watse, sannan ta rage murya: tana son gashi, dogo, wanda ya fi na matar likita. "Ai tsintarsa ake yi a ƙasa, ko?" Na ce haka ne, Uwargida. Haka duk masu ɗinkin hula suke cewa.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Kullum da sassafe Asa na fita a kwalekwale da buhu. Ba tsibirin gwamnati yake nufa ba, na bi shi da ido daga tagar sama. Mai gadi da buhu. To. An hana talaka, an ba ɗan gida.

Lemuel ya ce in bar maganar. Tun yaushe Lemuel ya fara kare Asa?

Litinin, 6 ga Afrilu

Na tilasta wa Lemuel ya tuƙa ni a kwalekwale mu bi Asa. Duk hanya yana gunaguni, "Yaya, za ki ɓata takalminki a banza." Na ce tuƙa kawai.

Wani ƙaramin tsibiri ne da doka ba ta kai ba, inda Lemuel ya harbo mini gashi makon jiya. Wari ne ya fara tarbarmu. Iyayen balbelun a ƙasa a mace, an fige bayansu, ƙuda ya rufe. A sama kuwa sheƙa ce kan sheƙa, 'ya'yan sun miƙo wuya, baki buɗe. Wasu sun daina kuka, sai buɗe bakin.

Asa yana kan reshe, buhun rataye a wuyansa. Na ce ya sauko ya buɗe mini. Ƙananan kifi ne, yankakku.

"Kin kama ni, Orpha. Ki kai ni gaban alƙali."

Na tambaya ko gwamnati na biyansa wannan. Ya ce a'a, nan ba ƙasar aikinsa ba ce. Ya ce yawancinsu ma ba za su yi rai ba, ba su san karɓa daga hannun mutum ba.

Na juya kan Lemuel. Ya ce, "Yaya, dogon gashin nan ba ya fitowa sai suna reno. Lokacin ne kuma ba sa gudu ko sun ji bindiga. Ke da kika karance littattafan garin nan?"

Na koma cikin kwalekwale, ya tuƙa mu gida.

Talata, 7 ga Afrilu

Duk da haka akwai abin da Asa ke nema. Ba mai hawa bishiya da shekarunsa a banza.

Asabar, 11 ga Afrilu

Na gama hular matar Pruett da shuɗin siliki da furen da na naɗa da hannu. Na ce mata asu ya cinye gashin. Ta leƙa bayan kantar shagon ta ga akwatin a rufe. "Buɗe in gani." Na ce makullin ya ɓata. Ta ce daga yau a birni za ta riƙa ɗinki, kuma za ta gaya wa sauran. Za ta gaya musu kuwa, da lambarta a ƙirji.

Laraba, 15 ga Afrilu

Mata huɗu sun janye ɗinkinsu. Lemuel ya nemi aiki a gonar lemo, ba ya gaishe ni.

Ra'ayina kan shugaban ƙasa yana nan, munafuki ne mai son a ɗauke shi hoto. Siliki kuwa ya fi sauƙin ɗinki, idona ba kamar da ba, shi ke nan dalili.

Asa ya wuce da rana. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa: wasu 'ya'yan balbelun sun fara karɓar kifin. Na ce ina ruwana. Na ce kuma ya rage girman yankan, yadda na gani ran nan zai shaƙe su.