Hoton da ke Cikin Fayil Ɗina

Taza, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Bushta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Beljiyam. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, an fara kaɗe zaitun, kuma bana ya yi albarka. Inna tana cin abinci sosai, sai dai mantuwar ta ƙaru, jiya sau uku ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwa, shi da ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Na rubuto ne don maganar da ke bakina ba ta waya ba ce.

Ka san ina neman aikin kula da tsofaffi, to sun ce sai na kawo shaidar gama firamare. Na je tsohuwar makarantarmu, hedimasta ya ba ni takardar, sai na ga an rubuta na shiga aji ɗaya shekara uku kafin lokacin da na sani. Na ce a nuna mini fayil ɗina. Ya yi dariya, ya ce Hajiya, mace da jikoki me za ta yi da makin lissafin aji ɗaya, fayil kayan makaranta ne. Da zan fita, akawun ofishin, wata mata mai suna Lalla Mbarka, ta biyo ni bakin ƙofa ta ce kada in yarda, abin da aka rubuta a kaina ina da haƙƙin in gani, in rubuto buƙata kawai in sa hannu. Na rubuta. Bayan mako biyu suka kira ni.

Yaya, a ɗakin ajiya suka zaunar da ni, da rana tsaka, amma sanyi ya kama ni har yatsu. A shafin farko ga sunana, Zuhur, ga sunan Baba da na Inna, ga ranar haihuwar da ke katina. An liƙa hoton wata yarinya a kusurwa. Tana sanye da rigar saƙa mai maɓalli uku, wadda na sa har na gama aji biyu. Goshinmu ɗaya, bakinmu ɗaya, amma tana da tabo a girar dama, ni kuwa ban taɓa yin tabo a wurin ba. Na shafa girata ina kallonta, ita ma kamar ni take kallo. Wata huɗu aka yi ana rubuta cewa ta zo makaranta, daga nan shafi ya zama fari fat har shekara uku. Sai ga rubutun malamar aji da jan biro. Ta ce ɗalibar ta dawo bayan doguwar jinya, inji mahaifinta, amma ta ƙanƙance ƙwarai, ba ta gane kowa ba, ta manta duk haruffa, da can da dama take rubutu, yanzu da hagu. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: idan an kira sunanta ba ta amsawa, sai ta waiwaya bayanta.

Ban koma gida ba, na wuce wurin Gwaggo Hadda, ƙanwar Baba, da hoton da Lalla Mbarka ta bar ni na ɗauka a waya. Tana tankaɗe garin kuskus na nuna mata. Ta ajiye rariya, ta ce wane maras aikin yi ne ya tono wannan. Da ƙyar ta yi magana. Ta ce muna da 'yar'uwa tsakaninka da ni, ita ce Zuhur. Sanƙarau ya ɗauke ta a ƙauyen kakanninmu lokacin hutu, ina da shekara uku. Ni a ƙauye aka haife ni, ba a yi mini rajista ba, Baba kuma yana tsoron zirga-zirgar kotu. Sai ya riƙe takardar haihuwarta ya ba ni, ya gaya wa mutanen ƙauye ƙaramar ce ta rasu, ya kwaso mu zuwa gari a satin. Ka gane, Yaya? A can ƙauye ni ce na mutu. Da sunana aka yi wa Inna gaisuwa. Na tambayi Gwaggo sunan, ta ce Baba ya rantsar da su da Alƙur'ani, ba za ta kai kanta wuta da tsufanta ba, in sha shayina kafin ya huce.

Na yi kwana biyu ina shawara kafin na nuna wa Inna. Tana zaune a tsakar gida tana shan hantsi. Matar da ba ta gane jikokinta, tana ganin hoton ta karɓe wayar da hannu biyu, ta sumbace shi, ta ce Zuhur, ina kika shiga, tun ɗazu ake nemanki. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ladabi irin na baƙi, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni.

Ba na fushi da Baba, Allah ya jiƙansa, ba na fushi da kai. Amma kana da shekara tara lokacin, ka ci naman sunana, kuma Gwaggo ta ce kana makaranta ranar rantsuwar, ba ka rantse ba. Ina roƙonka abu biyu. Ka rubuto mini sunan da aka raɗa mini. In ka zo hutun bazara kuma, ka kai ni kabarin, in yi mata addu'a da nata sunan, don shekara arba'in da huɗu ke nan ba wanda ya yi.

Ka gaida matarka Yamna, da Idris da amaryarsa, da ƙaramarku Ghita. Maigidana Allal yana gaishe ka, shi ma bai sani ba tukuna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
wadda kuke kira Zuhur