Tun da Muka Kalli Fim Ɗin Nan Mijina Yake Murmushi

Anti, don girman Allah ki taimake ni, ina dab da haɗa jakata in tafi gidan yayana.

Shekara sha tara ina zaune da baban yara. Tela ne, mai ɗaure fuska, in ya yi dariya sau biyu a shekara to an yi arziki. Ranar Lahadi da yamma babbar 'yarmu ta kunna mana wani tsohon fim na ban tsoro. Babu aljani ko ɗaya a ciki, iyali ne kawai, kullum suna cin abinci ba mai ce wa kowa uffan. Kwatsam uban ya fara murmushi yana tambayar lafiyar kowa. Abin da ya yi musu daga baya, hannuna ba zai iya rubutawa ba.

Anti, washegari baban yara ya yi min murmushi! Har da tambayar yadda na kwana. Ranar Laraba na kama shi yana wanke kofinsa. Jiya kuwa cewa ya yi mu zauna a falo kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Ni da shi ne ke damuna, me zan ce?

Wuƙaƙen gidan duk na kai wa maƙwabciya ajiya, albasa ma da cokali nake yankawa. Almakashinsa biyu na tura ƙarƙashin katifa. Da a da ne, sai rufin gidan ya ɗaga, amma wallahi cewa kawai ya yi ba komai, za su fito. In tafi ko in tsaya?

Mai yanka albasa da cokali

'Yar'uwa, ajiye jakar nan tukuna. Ban ga laifinki ba, shekara sha tara ba ki san kalar haƙoransa ba, dole ki razana. Amma ku biyu kuka kalli fim ɗin. Ke ƙarshensa kika riƙe, shi kuwa ina zaton farkon ne ya taɓa shi: ya ga iyali suna cin abinci shiru, ya gane gidansa. Bawan Allah ya fi ki tsorata.

In ya taɓa ɗaga miki hannu ko ya yi barazana, wannan maganar daban ce, ki tafi ba sai kin tambaye ni ba. Wanke kofi dai ba ya cikin alamomin hauka.

In ya sake tara ku a falo, ke ki fara magana. Miƙa masa almakashinsa, masu ɗinki na jira, ki faɗa masa dalilin ɓoyewar tiryan-tiryan. In ya yi faɗa, kin huta, mijinki na da ne ya dawo. In ya yi dariya, ki taya shi, ita ya fita nema tun ranar Litinin. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba cokalinki hutu.