Idanun Anti Rahila

Juma'a da dare, Kafanchan

Har yanzu hannuwana warin kulorin suke. Wurin ninkaya na otel ɗin Yaya ya yi kore shar da gansakuka, shi ya sa jiya na zuba masa kulorin, maganin tsabtace ruwa, mai yawa. Yau da rana na ɗebi ruwan a kwalbar gwaji, ya koma ja wur. Ko kare ba zan bari ya shiga ba.

Sai ga Anti Rahila, matar Yaya, da ƙawayenta.

"Anti, kada ki shiga, maganin bai sauka ba."

Ta dubi ƙawayen. "Kun ji mai digirin wanke kududdufi. Ba don mijina ba, da yana Kachia yana ɓare citta."

Suka kwashe da dariya. Na matsa mata hanya, ta faɗa ruwan.

Ta fito tana ihu, tana laluben bango. Ni ne kusa da famfo. Sai da na wanke kwalabena tsaf kafin na miƙa mata bokitin ruwa ta wanke ido.

Ɗazu Yaya ya kira daga asibiti, wai har yanzu ba ta iya buɗe ido. Na ce Allah ya sawwaƙe. Tuwon daren nan ya yi mini daɗi.