Kibiya ta Shida

Sansaninmu, sama da garin Salmon
8 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Yaya Duane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Carol da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya sa yana shan maganin rawar hannun nan ba sai an yi kokawa da shi ba. Ni da ƙawata Opal mun iso lafiya, dawakai ma lafiya, sai dai alfadarinta ya tsoma mana buhun gari a rafi, don haka wake muke ci safe da yamma.

Yaya, ba labarin wake ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka san shekara talatin ke nan Baba ne yake wasa mini kawunan kibiya duk kakar farautar elk, manyan barewan dajin nan masu ƙaho. Bana ma haka ya miƙo mini guda shida a naɗe cikin tsohuwar rigarsa, irin nasa masu baki biyu, ya shafe su da mai don tsatsa, yana ta murmushi. Ban buɗe ba sai da muka kafa tanti. Na ɗauki na farko na gwada a gashin hannuna kamar yadda ya koya mana. Ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Na biyu haka, na uku haka. Da na ɗaga su a rana sai na ga bakin ya lanƙwashe, wani wurin magagari ya ci fiye da kima, wani wurin bai taɓa ba ko kaɗan. Hannunsa ne, Yaya. Zama na yi a kan kututture ina kallon ƙarfen nan kamar an ce mini wani ya rasu.

Opal, ka san bakinta. Cewa ta yi, "Ke Marlys, da waɗannan ko man shanu sai kin roƙe shi. Karɓi nawa mana." Nata irin na zamani ne, masu reza da ake cirewa a sauya, waɗanda Baba yake kira kayan wanzami. Na ce mata ta riƙe abinta, bakana da nauyin na Baba ya saba, in na sauya kai yanzu sai na sake koyon inda kibiya take sauka.

Mafita a fili take: in zauna da dutse da fata in sake wasa su. Amma ka tuna duk kan da ya kashe dabba sai na mayar masa ya kafe a allon nan na rumfarsa. Washin dutse daban, na magagari daban. Yana kallo zai gane an bi bayan aikinsa. Abu ɗaya ke nan da ya rage masa wanda yake jin har yanzu ana bukatarsa, mota kun karɓe, zarto kun ɓoye. Idan kuma na bar su yadda suke, dabba ce mai girman doki za ta biya. Shi da bakinsa ya sha gaya mana dakusasshen ƙarfe ture jijiya yake yi gefe, ba ya yanke ta.

Kada ka gaya masa komai tukuna. Ka gaida Carol, ka ce wa Baba na gode.

Ƙanwarka,
Marlys

17 ga Satumba, 1986

Yaya Duane,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, musamman Baba, ni jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi. Opal za ta sauka gari gobe, ita za ta jefa wannan a gidan waya.

Na wasa guda biyar. Yini guda na yi a bakin rafi, dutse da mai, sannan fata, har hannuna na hagu ya koma kamar ƙirjin kaza da aka fige. Na murza kowace a tafin hannu don in tabbata kan bai karkace ba. Ta shidan kuwa na kasa. Na ce bari in bar ɗaya yadda ya yi ta, in sa ta a ramin ƙarshe na kwari, ta riƙa raka ni kawai. Opal ta ce, "To ki ɗaura mata jan zare mana, uwar taurin kai." Na ce haba, ni da na san kwarina kamar aljihuna? Ban ɗaura ba.

Ranar Asabar da hantsi muka ji wani namijin elk yana kuka a gangaren da ke fuskantar arewa. Opal ta tsaya a baya tana busa masa irin kukansu don ta jawo shi, ni na zagaya ta ƙarƙashin iska. Wajen tsallake wani faɗaɗɗen icce santsi ya kwashe ni, kibiyoyi uku suka zube. Na tattara na mayar cikin sauri, don ina jin ƙarar rassa yana tahowa. Kai, Yaya, da ka gan shi! Ƙaho mai rassa shida kowane gefe, wuyansa baƙi wuluk, yana huci. Taku goma sha takwas ya tsaya, ya ba ni gefe. Na ja, na saki, kibiya ta sauka daidai bayan kafaɗa, inda ya kamata. Amma maimakon ta nutse ta fita ta can, sai na ga fiye da rabinta a waje tana lilo yana gudu da ita.

Awa huɗu muka ba shi kafin mu bi sawu. Jinin kaɗan ne, ɗigo nan, ɗigo can a kan ganye. Wajen rabin mil muka tsinci kibiyar a karye. Tun kafin in goge jinin na ga zanen magagari a jikin ƙarfen. Ita ce. Wallahi da Opal ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Kwana uku muna nema, da rarrafe wani wurin. Jiya hankaki suka nuna mana shi a cikin wani kwazazzabo, mil biyu daga inda na harbe shi. Huhu ɗaya kawai ƙarfen ya taɓa. Daga yadda ƙasa ta tone a kewayensa, ya daɗe kafin ya huta. Naman duk ya lalace, ko loma ɗaya ba za ta ciwu ba. Na yanke takardar izinin farautata na ɗaura a ƙahonsa, na bar shi nan. Farautata ta bana ta ƙare, na ci rabona ko da ban ɗanɗana ba.

Idan Opal ta isa kanti za ta buga maka waya. Ka gaya mata shawararka.

Taka,
Marlys

21 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa, Baba. Yaya ƙarfin jiki, yaya sanyin safiya da ya fara? Ina fatan gwiwar nan ta bar ka kana fita rumfa. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ka karanta da kanka, kada ka ba Duane.

Duane ya aiko mini in ce maka ban ga komai ba bana, ko in ce na harba na kuskure. Ya ce me ye amfanin tayar wa tsoho hankali. Ya kuma gaya wa Opal cewa ranar da ka gama washi ka ba shi ɗaya ya gwada, ya juya maka baya ya ce ta aske. Kada ka yi fushi da shi, ƙauna ce ta sa shi. Ni ma ita ta sa ni, kuma nawa ya fi nasa muni.

Baba, kawunan da ka ba ni ba su da kaifi, duka shidan. Na gane tun ranar farko. Na sake wasa biyar a ɓoye, na bar ɗaya a kwari saboda hannunka ne ya taɓa ta kuma ban iya rabuwa da ita ba. Da ita na harbi babban namiji bisa kuskure, ya daɗe yana shan wahala, ya mutu a kwazazzabo, namansa ya ruɓe. Laifin ba naka ba ne. Kai ka yi iyakar abin da hannunka zai iya, ni ce na gani da idona kuma na ɗauka.

Na yi ta tunanin yadda muke yi da kai tun bara. Ka ce abu, mu ce e, mu haɗa ido ta bayanka. Muna kiransa tausayi. Kai ba ka taɓa yi mini haka ba. Ina 'yar shekara goma sha huɗu ka mayar mini da kan kibiya ɗaya sau bakwai, ina kuka, ka ce in sake wasa shi. Na ji zafi a lokacin, amma na san ka ɗauke ni mafarauciya.

Na san wasiƙar nan za ta yi maka ciwo, kuma ina tsoron fuskar da zan tarar ranar Juma'a idan na dawo gida. Duk da haka kai ne mutum ɗaya da nake so ya yi mini faɗa a kan dabbar nan. Ka yi mini shi sosai, Baba, kada ka rage komai.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Marlys